Ozon ko kulorin: wanne ya dace da bilicin ɗin ƙullun takarda a ƙasar Katsina?

Duk wanda ya taɓa dafa karan dawa ko rama da soda don fitar da zaren takarda ya san abin da ke fitowa daga tukunya: ƙullu ne mai ruwan ƙasa, kalar kwali ko buhun siminti. Wannan launi ba datti ba ne da ruwa zai wanke. Ragowar liginin ne, wato danƙon da ke haɗe zaruruwan tsiro har kara ya tsaya ƙyam a gona. Dahuwa tana narkar da mafi yawansa, amma ba a bari ta cinye shi duka, domin kafin ta kai ga na ƙarshe ta riga ta fara cin zaren kansa. Abin da ya saura shi ake cirewa da bilicin, kuma a nan ne mai jari yake tsayawa tsakanin kulorin da ozon.

Kafin a je ko'ina, wanda zai yi kwali, kiret ɗin ƙwai ko takardar naɗe kaya ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu, kada ya ɓata kuɗinsa. Maganar ta mai son farar takarda ce: ta littafin rubutu, ta ɗab'i, ta goge hannu. Ana auna hasken takarda da maki daga sifili zuwa 100. Ƙullun da bai ga bilicin ba yakan tsaya wajen 25 zuwa 40, takardar jarida tana wajen 55 zuwa 60, ƙullun da aka yi wa cikakken bilicin kuma yana kai 88 zuwa 90. Maki goman ƙarshe su suka fi cin kuɗi, saboda haka mai yin littafin rubutun 'yan firamare ya tambayi kansa ko da gaske yana bukatar 90, ko 80 ta ishe shi.

Ma'auni na biyu da za a riƙe shi ne lambar kappa, wadda ke nuna yawan liginin da ya rage. Idan aka ninka ta da 0.15 ana samun kimanin kason liginin cikin ɗari. Ƙullun itace mai dogon zare yakan fito daga dahuwa da kappa wajen 30, na itace irin turare wajen 16 zuwa 20, na kara da bambaro kuma sau da yawa ƙasa da haka. Duk lissafin sinadari daga wannan lamba yake tashi. Mai sayar da inji da ya ba ka adadin ozon ko kulorin bai tambaye ka kappa ba, da ka yake magana.

Kulorin ba abu ɗaya ba ne

Rabin ruɗanin da ake samu a wannan muhawara daga suna yake. Abubuwa uku ne ake kira kulorin.

Na farko iskar kulorin ce tsantsa, mai launin kore-kore da rawaya, wadda ake kawowa a tukwanen ƙarfe. A harkar kowane matakin bilicin yana da harafinsa, nata shi ne C. Ana zuba ta a ƙullu mai ruwa-ruwa kamar kunu, zare kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, ma'aunin tsami na pH ƙasa da 2, wato tsami sosai, ba tare da an ɗumama ba. Yawan da ake sawa kusan kappa sau 0.2 ne a matsayin kaso cikin ɗari na busasshen ƙullu. Ƙullu mai kappa 15 ke nan zai ci kilo 30 a kowane tan. Kulorin ba ya fitar da liginin da kansa, manne masa yake ya farfasa shi, sai a bi da matakin E, wato wanki da soda a zafin digiri 60 zuwa 70, wanda ke narkar da abin da aka farfasa ya fita da baƙin ruwa. A gaskiya aikinsa yana kyau. Yana da araha, ba ya cin zare sosai idan an kula, kuma yana yafe kuskure: wankin da bai yi tsaf ba ko ruwa mai ɗan ƙarfe ba ya hana shi aiki. Shi ya sa ya mulki masana'antar tun daga shekarun 1930.

Abin da ya sauke shi daga mulki shi ne ruwan da yake bari. Wani ɓangare na kulorin yana haɗewa da liginin ya zama sinadarai masu ɗauke da kulorin, waɗanda ake aunawa a dunƙule da sunan AOX, kuma tsohuwar hanya tana zubar da kilo da dama a kowane tan. A cikinsu akwai wata guba mai suna dayoksin. A tsakiyar shekarun 1980 aka gano shi a jikin kifayen kogunan da ke ƙasa da masana'antun takarda a Amurka, Suwidin ma ta ga irin illar ruwan bilicin a gaɓar tekunta. Dayoksin ba ya ruɓewa da wuri, yana taruwa a kitse, ya bi kifi, nono da nama ya iso ga mutum. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Najeriya ta amince da ita, ta ambaci bilicin ɗin ƙullu da iskar kulorin cikin manyan hanyoyin da ke haifar da shi.

Na biyu haifo ne, matakin H, ɗan'uwan ruwan bilic na wanki irin su Jik, sai dai na masana'anta ya fi ƙarfi. Na gida kashi 3.5 ne, garin da ake sa wa ruwan sha kuma yana kai kashi 65 zuwa 70. Haifo ne ƙananan masu sana'a suka fi kai wa hannu don yana nan a kasuwa. Sharuɗɗansa biyu ne masu tsauri: pH ya zauna sama da 9 har ƙarshen aiki, zafi kuma kada ya wuce digiri 40 zuwa 45. Yayin da yake aiki ruwan yana yin tsami da kansa, idan ba a ƙara soda ba pH zai gangaro wajen 7, a nan ne yake komawa kan zare. Ƙullun zai fito fari fat, mai shi yana murna, amma takardar tana yagewa kamar busasshen ganye, bayan 'yan watanni kuma ta koma rawaya. Yana kuma fitar da kulorofom. Kuma ranar da ya haɗu da asid a kwata ko a tanki, iskar kulorin ce za ta tashi nan take.

Na uku kulorin dayoksayid ne, matakin D, kuma shi ne ainihin abokin hamayyar ozon a yau. Duk da sunansa, ƙona liginin yake da iskar oksijin da ke jikinsa fiye da manna masa kulorin, don haka AOX ɗinsa kaɗan ne. Ƙa'idar Tarayyar Turai ga masana'antun zamani ba ta wuce kilo 0.2 a tan ba. Ba ya taɓa zare sai kaɗan, yana ba da haske mai ɗorewa. Bilicin da shi ake kira ECF, kuma mafi yawan farin ƙullun duniya ta wannan hanya ake yin sa. Matsalarsa a wurinmu ita ce ba a sayen sa a buhu ko a tukunya. Iskar tana fashewa idan ta kai kusan kashi 10 cikin ɗari a sarari, dole a haɗa ta a cikin masana'anta daga sodiyam kuloret, asid ɗin salfa da metanol ko feroksayid, a ajiye ta cikin ruwan sanyi wajen giram 10 a lita. Ƙaramin kamfanin sinadarai ne a cikin kamfanin takarda, da kayan titaniyam da ma'aikatansa na musamman.

Yadda ozon yake aiki, da inda yake ba da kunya

Ozon iskar oksijin ce mai ƙwaya uku maimakon biyu. Ƙwaya ta ukun ba ta da zama, shi ya sa yake da zafin cizo: ƙarfin ƙonawarsa bolt 2.07 ne, na kulorin 1.36. Idan ya gama aiki komawa yake oksijin, babu gishirin kulorin, babu AOX, babu dayoksin. Ba a ajiye shi, a cikin ruwa rabinsa yana watsewa cikin kamar minti 20 zuwa 30, a zafi ma ya fi haka sauri. Ana yin sa ne nan take ta hanyar ratsa busasshiyar oksijin tsakanin bututai masu wutar lantarki mai ƙarfi. Daga tsantsar oksijin ana samun kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari bisa nauyi, daga iskar sarari kuwa kashi 1 zuwa 3 ne kawai, wanda bai isa aikin ƙullu ba. Masana'antu na farko da suka yi amfani da shi a babban mataki sun fara ne a 1992: Lenzing a Ostiriya da Union Camp a garin Franklin na jihar Bajiniya a Amurka.

Matakinsa, Z, yana son tsami, pH 2 zuwa 3, da zafi mai sauƙi wajen digiri 40 zuwa 60. Ana sa kilo 2 zuwa 6 a tan, kowane kilo yana sauke kappa da kusan maki ɗaya, kuma yana maye gurbin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu na kulorin dayoksayid. Aikin na daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintuna, ba na awanni ba.

Hanya biyu ake haɗa shi da ƙullu, kuma bambancinsu ya fi yadda ake zato muhimmanci. A ta farko ƙullun yana da kauri kamar tuwo mai laushi, zare kashi 10 zuwa 12, sai a matse iskar a tura ta cikin injin gauraya mai gudun gaske. Kayan aikinta sun fi araha, amma akwai iyakar iskar da ƙullu zai iya ɗauka a zubi ɗaya, tunda kowane kilo na ozon yana tafe da kilo takwas ko tara na oksijin. A ta biyu ana matse ƙullun har zare ya kai kashi 35 zuwa 45, sannan a wargaza shi ya yi washar-washar kamar dambu. Idan ka damƙi irin wannan ƙullu a tafin hannu za ka ji danshi, amma ko ɗigo ba zai fito ba. Iskar tana ratsa shi kai tsaye, kusan duk ozon ɗin yana shiga aiki. Sai dai wurin da ya dunƙule ba ya samun rabonsa, wurin da ya yi sako-sako kuma ya sha fiye da kima, sakamakon ya zama takarda mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da zaren da ya raunana a lokaci guda. Injin matsa da na wargazawa su ne zuciyar wannan hanya, kuma su ne masu tsada.

Babban aibin ozon shi ne ba ya tantance abokin gaba sosai. Idan akwai ƙarfe, manganis ko tagulla a ƙullu ko a ruwa, suna farfasa shi ya koma wasu ƙwayoyi masu cizon duk abin da suka tarar, har da zare. Wani lahanin ma ɓoyayye ne: ozon yana barin tabo a jikin zaren, ba ya tsinkewa sai an kai shi wankin soda na gaba. Shi ya sa gwajin da aka yi nan da nan bayan matakin Z yakan yi kyau, na ƙarshen layi kuma ya ba da mamaki. Ana bin wannan da ma'aunin danƙon zare a ɗakin gwaji. Ƙullun da ya fara da maki sama da 1000 a wannan ma'auni idan ya gangaro ƙasa da 700 zuwa 800, ƙarfin takarda ya fara tafiya. Maganin shi ne wanke ƙullu da asid kafin Z, ko sa sinadarin kama ƙarfe irin EDTA ko DTPA, matakin da ake kira Q, kilo ɗaya zuwa biyu a tan, a wanke sosai.

Haka nan ozon ba ya bambance liginin da ke jikin zare da wanda ke yawo a ruwa. Duk baƙin ruwan dahuwa da ya tsallake wanki zai ci ozon ɗin da aka kashe wuta aka samar. Kulorin ma yana asara a haka, amma shi ana iya ƙara masa awo da ɗan kuɗi kaɗan. Injin ozon kuwa abin da aka gina shi ya bayar shi zai bayar.

Kada kuma wani ya ɗauka ana cire C ne a dasa Z a gurbinsa. Ozon shi kaɗai ba ya kai ƙullu ga fari ba tare da ya kashe zaren ba. Kafin shi ana bukatar matakin O, dahuwa da oksijin da soda a zafin digiri 90 zuwa 100 cikin tukunya mai matsi, wanda ke cire kashi 40 zuwa 50 na ragowar liginin. Bayansa kuma sai feroksayid, sinadarin bilicin da babu kulorin a jikinsa, matakin P. Jerin da babu kulorin ko kaɗan, wanda ake kira TCF, yakan zama O, Q, Z, P ko makamancin haka. Masana'antu da yawa da ke da ozon a yau ba su rabu da kulorin dayoksayid ba, rage shi suka yi, suna haɗa Z da D a mataki guda.

Lissafin tan ashirin a rana

A ɗauki misalin masana'anta mai yin tan 20 a rana daga kara, kappa 14 bayan dahuwa. Ta hanyar iskar kulorin za ta ci kilo 28 a tan, kilo 560 a rana, ban da soda da haifon ƙarshe. Wato babbar tukunya ta kusan tan ɗaya duk kwana biyu, ana jigilar ta sama da kilomita dubu daga tashar jiragen ruwan Legas.

Ta hanyar ozon, matakin O zai sauko da kappa wajen 8, a sa kilo 5 a tan, kilo 100 ke nan a rana, kilo huɗu da ɗan ɗoriya a kowace awa. Injin zamani yana cin kusan yunit 8 zuwa 10 na wuta, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, a kowane kilo. Yunit dubu ke nan a rana ga injin kaɗai. Oksijin ɗin da zai ci ya kusa tan ɗaya a rana, kuma tace shi daga iska zai ƙara wasu ɗaruruwan yunit. Sai injin sanyaya ruwa, sai na matsa iska. Idan jimilla ta kai yunit 1,500 kuma janareto ne zai ɗauka, a kan yunit uku da 'yan kai a kowace lita, ana maganar man dizal lita 450 a rana. Kowa ya ninka da farashin da ya tarar a gidan mai yau, ya kwatanta da kuɗin kilo 560 na kulorin haɗe da kuɗin mota. A ƙasashen da ozon ya yi kasuwa wuta tana da araha, kuma manyan masana'antu suna samar da tasu daga ƙona baƙin ruwan dahuwa. Lissafinsu ba namu ba ne.

Tsadar wuta ma da sauƙi a kan yankewarta. Tukunyar kulorin ba ruwanta da an ɗauke wuta. Injin ozon kuwa da wuta ta tsaya ya tsaya, ƙullun da ke wucewa a lokacin ya fita da launinsa ya gauraye da mai kyau. Hawa da saukar wuta yana ƙona kayan lantarkin injin, tayar da shi kuma sai an fara kora busasshiyar iska ta cikinsa. Layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO kaɗai ba tare da wata madogara mai kamawa nan take ba, ba tsari ba ne. Hasken rana muna da shi a yalwace, kuma zai rage nauyin rana, amma masana'antar ƙullu ba ta kwana.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Kusan kashi 90 na wutar da injin ozon ke ci zafi take komawa, zafi kuma yana rusa ozon tun a cikin injin. Ruwan sanyaya shi ana so ya zauna ƙasa da digiri 25 ko kusa da haka. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Katsina da Daura ke haura 40, ruwan tankin da ke saman gini ba zai yi ba, sai da injin sanyi. Iskar da ke shiga dole ta bushe ƙarau, har a ce raɓarta ba ta sauka sai a digiri 60 ƙasa da sifili. Ɗan danshin damina idan ya kutsa, yana haɗuwa da naitirojin ya zama asid mai cin bututan ciki. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatun injin oksijin, a lokacin sai an riƙa duba su kusan kullum. Shi ma kulorin bazara ba ta ƙyale shi ba: tukunyar da aka bari a rana matsinta yana hawa, manyan tukwane suna da toshiyar da ke narkewa wajen digiri 70, ruwan haifo kuma ƙarfinsa yana zubewa a ɗakin ajiya mai zafi, abin da aka saya a watan Maris ba shi ne ake zubawa a watan Yuni ba.

Ruwa: inda ozon ya yi rinjaye

Da a ce wuta ce kaɗai alƙali, da an gama shari'a. Amma akwai ruwa. Masana'antar farin ƙullu ta zamani tana fitar da ruwa lita dubu 25 zuwa dubu 50 a kowane tan, tsofaffi kuma sun ninka haka. Tan 20 a rana na nufin lita dubu 500 zuwa miliyan ɗaya. An gina masana'antar takarda ta Jebba a bakin Kogin Kwara, na Iwopin da Oku Iboku kuma a kudu inda ruwa ya yi yawa. Mu a nan koguna na damina ne, da rani yashi ne. Ruwan da masana'anta ta saki babu babban kogin da zai tsarma shi. Zai kwanta a kududdufi, ya nitse ya tarar da rijiyoyi, ko ya gangara fadama inda ake noman tumatir da albasa, shanu su sha, ko ya bi hanyar da ke kaiwa madatsar ruwa irin Ajiwa ko Sabke da mutane ke sha. Ruwan da ke ɗauke da AOX da gishirin kulorin a irin wannan wuri ba ya tafiya ko'ina, ruwan sama ma bai isa ya wanke gishirin daga gona ba.

Ruwan matakin kulorin ba a iya mai da shi cikin aiki yadda ake so, domin gishirinsa yana taruwa ya ci ƙarfe, musamman tukunyar ƙona baƙin ruwa. Na O, Z da P kuwa ana iya juya shi baya a wanke ƙullu da shi, a rage ɗibar sabo. Ga wanda rijiyar burtsatse ce madogararsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai juya ruwa yana da nasa ciwon kai. Ozon yana haifar da asid ɗin okzalik, wanda idan ya gamu da kalsiyam na ruwan rijiya yake zama farin dutse mai tauri a jikin bututu, rariya da famfo. Ƙarfen da ke cikin ruwa ma yana taruwa a kowane zagaye. Ruwan burtsatsen da ke barin jan tabo a bokiti bayan ya kwana, sai an tace shi kafin ya kusanci matakin Z ko P.

Ta fuskar doka, sabuwar masana'anta irin wannan sai ta bi ta nazarin tasirin muhalli da dokar 1992 ta tanada, ga kuma hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007. Kare tsarin iskar kulorin a gaban masu nazari a yau aiki ne ja.

Haɗari ga ma'aikata duka biyun suna da shi, amma ba iri ɗaya ba. Ozon guba ne ga huhu, iyakar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa a awa takwas kashi 0.1 ne cikin miliyan, kuma hanci yana sabawa da warinsa, don haka na'urar gano yoyo wajibi ce. Ragowar iskar sai ta bi ta injin rusa ozon kafin a sake ta. Ozon yana cinye roba ta yau da kullum cikin ɗan lokaci, sai ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316L da Teflon, kuma man shafawa ko giris a layin oksijin gobara ce. Amma da an kashe makunni an daina samar da shi. Tukunyar kulorin ba ta da makunni. Lita ɗaya ta ruwansa tana zama kusan lita 450 ta iska, iskar ta fi ta sarari nauyi sau biyu da rabi, tana bin ƙasa ta shiga gidaje. Ana neman yoyonta da tururin amoniya, wanda ke yin farin hayaƙi a wurin, kuma ba a watsa mata ruwa, don ruwa yana faɗaɗa ramin. Masana'antar da unguwa za ta iya cim mata nan da shekara goma ta sa wannan a lissafi.

Abin da za a dafa yana canza amsa

Mu ba mu da dajin katako. Abin da ke hannu shi ne karan dawa, gero da masara, bambaron shinkafa, rama, gashin da ke jikin gurya bayan an gurje auduga a yankin Funtuwa, da tsofaffin takardu. Kara yana zuwa da ƙasa da yashi, ma'ana da ƙarfe, abokin gabar ozon da feroksayid. Totuwarsa ba ta da zaren kirki, tana shan sinadari a banza tana hana ƙullu tsanewa, don haka matse shi zuwa kashi 40 ya fi na itace wuya. A cire totuwa a wanke kara tun kafin dahuwa, shi ne bilicin mafi araha. Bambaron shinkafa yana da silika mai yawa, wadda ke dagula ƙona baƙin ruwa, idan kuma babu tukunyar ƙonawar, rabin ribar juya ruwan ozon ta tafi. A tuna kuma kara ba kyauta ba ne, makiyaya, masu danni da masu girki duk suna layi.

Gashin gurya kusan babu liginin a jikinsa, soda da feroksayid sun ishe shi, sa masa ozon asarar zare ce. Tsofaffin takardu kuwa sai an ware su. Jarida da makamantanta cike suke da liginin, haifo yana mai da su rawaya, ozon kuma zai ƙare a kansu ba tare da an ga haske ba, nasu feroksayid ne ko haidurosalfayit. Farar takardar ofis da aka cire wa tawada ita ce ozon ke yi wa amfani, yana kashe rinin da ya rage.

Ga mai ƙaramar sana'a, akwai tarkon da ya kamata a ambata. Injin ozon da ake gani a gidajen fiya wata yana ba da giram 10 ko makamancin haka a awa. Ƙullu kilo 100 a kan kilo 5 a tan yana bukatar giram 500. Awa 50 ke nan, in har duk iskar ta shiga aiki, alhali idan aka zura tiyo cikin durom ana kumfa, mafi yawanta sama take tashi ta shiga huhun mai juyawa. Wanda ke aikin kilo ɗari zuwa tan ɗaya ko biyu a rana, abin da ya dace da shi feroksayid ne: kashi 2 zuwa 3 na nauyin busasshen ƙullu, da soda har pH ya kai 10.5 zuwa 11, da sodiyam siliket da ɗan gishirin Epsom don su hana ƙarfe rusa shi, kauri kashi 10 zuwa 12, zafi digiri 70 zuwa 80, awa biyu zuwa uku. Idan aka ga kumfa na tashi da yawa tun farko, feroksayid ne ke watsewa a banza, ko soda ta yi yawa ko ƙarfe ya shiga. Ba zai kai 88 ba, amma zai ba da takarda mai ƙarfi da ruwan da ba ya ɗauke da kulorin.

A ganinmu iskar kulorin ba ta cikin zaɓin sabuwar masana'anta a wannan yanki, komai arahar ta. Mai tan goma zuwa talatin ya fara da O, Q da P, ya bar fili da bututu a zane don Z, ya ƙara shi ranar da wutarsa ta tsaya da ƙafarta kuma kasuwa ta nuna za ta biya kuɗin ƙarin haske. Kulorin dayoksayid yana da ma'ana ne ga babbar masana'anta mai ɗaruruwan tan, wadda za ta iya riƙe sashen haɗa shi da shigo da kuloret ba yankewa, kuma ko ita a ƙasa mai ƙarancin ruwa haɗin Z da D ya fi mata D zalla.

Kafin a biya kafin alƙalami, a aika wa mai inji samfurin ƙullun da aka dafa daga karan da za a yi aiki da shi, tare da ruwan rijiyar wurin, ba na itacen turare da ruwan ɗakin gwajinsu ba. A nemi sakamakon kappa, haske da danƙon zare bayan kowane mataki, har da na bayan wankin sodar da ke bin Z. A sa ya rubuta yawan ozon da injin zai bayar idan ruwan sanyaya ya kai digiri 30, ba 15 da ke cikin takardar talla ba, da yunit nawa tsarin gaba ɗaya zai ci a kowane kilo har da oksijin da sanyi, da kuma kwana nawa bututun ciki ko allon lantarki zai ɗauka kafin ya iso Katsina idan ya ƙone.